Iko da Halacci

Ya kamata ɗalibi ya bambanta kalmomin nan biyu. Iko shi ne ƙarfin sa mutane su bi umarni. Halacci kuwa, mai tushe ɗaya da halal, shi ne yardar jama'a cewa mai ba da umarnin yana bisa ƙa'ida.

Ga misali daga Nijar. A 2009 Shugaba Tanja Mamadu ya nemi tazarce, wato ci gaba da mulki bayan wa'adinsa na biyu. Kotun tsarin mulki ta ce zaɓen raba-gardamar da ya kira ya saɓa doka. Sai ya rusa kotun, aka yi zaɓen ran 4 ga Agusta. Iko yana hannunsa, amma ƴan adawa sun ce halacci ya kuɓuce masa. Ran 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka hamɓare shi, su ma ba bisa doka ba.