Mene ne harajin lemon zaƙi na Biyetnam?

Haraji ne da majalisar dokokin Biyetnam ta amince da shi a watan Yunin 2025, kan duk lemon kwalba ko na gwangwani da sukarinsa ya wuce giram 5 a mililita 100. Za a fara karɓar kashi 8 cikin ɗari a 2027, ya koma kashi 10 a 2028. Madara da ruwan kwakwa ba sa ciki.

Kamfanoni ne za su biya, amma a aljihun mai saye abin zai ƙare, musamman 'yan makarantar da ke tsayawa sayen lemo mai sanyi a bakin ƙofa bayan an tashi. Ɗaya daga cikin dalilan harajin shi ne matsalar ƙiba, wadda a Biyetnam tsakanin masu shekara 5 zuwa 19 ta tashi daga kashi 8.5 a 2010 zuwa kashi 19 a 2020.