Koyon Zane Mai Motsi Ta Intanet: Abin Da Iyaye Da Matasan Karaye Da Rogo Ya Kamata Su Sani

A ƙasar Karaye da Rogo, da zarar kaka ta wuce an shigar da masara da dawa rumbu, abin da yakan dami iyaye shi ne inda samarinsu za su nufa. Waɗansu sukan tafi cin rani Kano ko Zariya ko Kudu, waɗansu kuma su koma noman rani da kamun kifi a bakin madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992. Yanzu kuwa da wayar hannu ta shiga ko'ina, ba abin mamaki ba ne yaron da ya gama sakandare ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, a taimake ni da kwamfuta, ina so in koyi yin katun ta intanet." Uban da ya ji wannan yana da hakkin ya yi tambaya kafin ya taɓa buhun masara ko ya kai sa kasuwa. Shin wannan sana'a ce ko wasan yara? Nawa za ta ci? Wa zai sayi abin da yaron ya yi?

Yadda zane yake motsi

Katun, watau zane mai motsi, dabara ce ta jera hotuna masu ɗan bambanci da juna, a nuna su da sauri har ido ya ga kamar abin yana tafiya. A majigi akan nuna hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya, watau hoto 1,440 ke nan a minti guda. Masu zane da hannu sukan rage wahala su bar kowane zane ya tsaya sau biyu, amma duk da haka minti ɗaya yana bukatar zane 720. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu cewa aikin ba na raggo ba ne.

Akwai hanya uku da aka fi bi. Ta fari ita ce zane da hannu, a takarda ko a allon kwamfuta. Ta biyu ita ce a ƙera 'yartsana, a motsa ta kaɗan a ɗauki hoto, a sake motsawa a sake ɗauka. Ta uku ita ce a gina siffar mutum ko dabba a cikin kwamfuta, a sa mata gaɓoɓi, sa'an nan a riƙa juya su. A manyan kamfanoni kowane sashe da mai shi: akwai marubucin labari, da mai zana tsarin labarin hoto bayan hoto, da mai ƙera siffa, da mai motsa ta, da mai ba ta murya, da mai haɗa sauti. Saboda haka wanda hannunsa bai faɗa a zane ba yana iya samun gurbi a wani sashen.

Maƙwabcinmu ne ya share hanya

Masu cewa wannan aikin Turawa ne ba su ji labarin Moustapha Alassane ba. An haife shi a ƙasar Nijar a 1942, ya fara da aikin kanikanci kafin ya haɗu da Bafaranshen nan mai shirya finafinai, Jean Rouch, a Yamai. Daga nan ya sami zuwa Kanada, inda ya ƙara sani wurin Norman McLaren, ɗaya daga cikin gwanayen zane mai motsi na duniya. Fim ɗinsa mai suna La Mort de Gandji ya ci kyauta a bikin al'adun baƙar fata da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekara kuma ya fito da Bon Voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara ƙasar waje cikin faretin sojoji da bushe-bushe, habaici ga masu mulkin wancan zamani. Ya yi Samba le Grand da 'yantsana a 1977, ya kuma yi Kokoa, inda dabbobi suke kokawa a fage kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa.

Malam Mustafa ya koyar a Jami'ar Yamai, daga baya ya zauna a garin Tawa, inda ya riƙe masaukin baƙi, yana kuma ci gaba da aikinsa a can, nesa da manyan birane. Ya rasu a Wagadugu a 2015, ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka. Abin lura a rayuwarsa shi ne, sai da ya ƙetare teku kafin ya sami malami. Yaron Rogo na yau yana iya samun malami yana zaune a zauren gidansu.

Yadda makarantar intanet take aiki

Ɗaya daga cikin makarantun da suka yi suna ita ce Animation Mentor, wadda mutum uku, Bobby Beck da Shawn Kelly da Carlos Baena, suka buɗe a Amurka a 2005. Dukansu sun yi aiki a manyan kamfanonin fim irin su Pixar da Industrial Light and Magic. Tsarin da suka kafa, wanda makarantu da dama suka bi, shi ne ɗalibi ya kalli darasi a bidiyo, ya yi aikin mako ya aika, malamin ya duba ya mayar masa da gyara, sa'an nan a haɗu kai tsaye ta intanet domin tambaya da amsa. An raba karatun aji shida, kowane aji mako 12, watau shekara ɗaya da rabi ga wanda bai tsaya ba.

Darasin farko yakan ba sabon ɗalibi mamaki, gama ba mutum ake sa shi ya motsa ba, ƙwallo ce. Sai ya nuna yadda take faɗowa, ta daki ƙasa ta ɗan baje, ta tashi, tsallenta yana raguwa har ta tsaya. Wanda ya iya bambanta faɗuwar ƙwallon roba da ta dutse ya fara gane nauyi da lokaci, waɗanda su ne tushen aikin. Daga nan a koma tafiya, da gudu, da ɗaukar kaya, can a ƙarshe a zo ga fuska da magana. Ƙa'idodi 12 da ake koyarwa a ko'ina sun fito ne daga littafin da tsofaffin ma'aikatan Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka wallafa a 1981.

To, amma akwai wuya, kuma gara a faɗe ta tun da wuri. Kuɗin irin waɗannan makarantu da dala ake biya, dubbai ne kuwa. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, amma a cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Karatun da Turanci ake yinsa. Haka kuma agogon yammacin Amurka yana bayan namu da awa 8 ko 9, don haka ajin da aka sa da ƙarfe shida na yamma a can, ƙarfe biyu ko uku na dare ne a Karaye. Ga batun wutar lantarki, ga kuɗin data, gama aika bidiyo kowane mako yana cin data ba kaɗan ba.

Hanyar mai ƙaramin ƙarfi

Wannan bai rufe ƙofa ba. Manhajar Blender, wadda wata gidauniya a ƙasar Holan take kula da ita, kyauta ce ga kowa tun 2002. Kada a ce araha ba ta ado: da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, labarin wata kyanwa a cikin ambaliya, babu ko kalma ɗaya ta magana a cikinsa, ya kuma ci kyautar Oscar ta zane mai motsi a 2025. Akwai Krita da OpenToonz ga masu zane da hannu, su ma kyauta, akwai kuma FlipaClip da ake sa wa a wayar hannu. Darussan koyon waɗannan duka suna nan birjik a YouTube. Bugu da ƙari, shirin Gwamnatin Tarayya na horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha, wanda ake kira 3MTT, da aka ƙaddamar a 2023, ya sa zane mai motsi cikin darussansa.

Shawara ga iyaye ita ce kada a fara da sayen kwamfuta. A ba yaro wata uku da littafin rubutu da fensir da wayar da ke hannunsa. Ya zana ƙwallo a kusurwar kowane shafi, ya kaɗa shafukan da yatsa ya ga ko ta yi tsalle. Ya zauna a kasuwar Rogo ya lura da yadda mai ɗauke da damin rake yake takawa, da yadda akuya take tsallake kwata, ya zo ya zana. In bayan wata uku yana nan a kai ba tare da an tuna masa ba, kuma na yau ya fi na jiya, to, a yi maganar kwamfuta, ko da ta hannu ce, da ƙaramin faifan hasken rana. In kuwa ya watsar, an tsira da buhun masara. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Kafin a biya kowace makaranta ko kwabo, a nemi amsar abu huɗu: sunan malaman da ayyukan da suka taɓa yi, aikin ɗaliban da suka gama, ko malami zai duba aikin yaro shi kansa ko kuwa bidiyo kawai za a tura masa, da jimlar kuɗin tun daga farko har ƙarshe. Duk wanda ya yi alkawarin ƙwarewa cikin mako biyu, ko aikin dala da zarar an gama, a guje shi. Ba a cinikin biri a sama.

Ina kasuwar take?

Masu ɗaukar ma'aikata a wannan fanni ba takardar shaida suka fi dubawa ba. Abin da suke nema shi ne ɗan gajeren bidiyo na minti ɗaya ko biyu wanda ya tattara mafi kyawun aikin mutum. Da shi ake neman aiki, ko a Legas ko a ƙasar waje.

Sana'ar tana tasowa a Nijeriya. Adamu Waziri ya fara shirin yara na Bino and Fino a Abuja a 2010, domin yaranmu su ga masu kama da su a talabijin. A 2020 aka nuna Lady Buckit and the Motley Mopsters a gidajen sinima, wanda ake lissafawa a matsayin dogon fim ɗin katun na farko da aka yi a ƙasar nan. A 2024 kamfanin Disney ya fito da Iwájú tare da matasan kamfanin Kugali, labarin da ya faru a Legas ta nan gaba. Akwai kuma Malika, wanda aka yi a Legas a 2019, jarumar cikinsa kuwa daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau aka samo ta. Labarin namu ne, amma waɗansu suka riga mu.

A nan ne ɗan Karaye da ɗan Rogo suke da abin da na Legas ba shi da shi, watau Hausa da tatsuniya. Gizo da Ƙoƙi, da kura da wautarta, da dila malamin daji, duk suna nan a bakin kakanninmu, yaranmu kuwa suna kallon katun da harsunan da ba su ji. Masana'antar finafinan Hausa tana Kano tun daga Turmin Danya a 1990, da marubuta da masu murya da masu kiɗa. Makarantu da asibitoci da ƙungiyoyin manoma suna bukatar gajerun saƙonni kan rigakafi da tsabtar ruwa da amfani da taki, 'yan kasuwa kuma suna bukatar talla. Daga irin waɗannan ƙananan ayyuka ake fara samun na sabulu.

Masu sa rai ga YouTube su sani cewa ba a fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, ko makamancin haka a gajerun bidiyo, kuma tun 2020 an taƙaita irin tallar da ake sa wa a shirye-shiryen yara. Wanda kuma zai fitar da fim a Jihar Kano ya tuna akwai Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001, ya nemi sanin ƙa'idodinta tun kafin ya fara. Akwai kuma sababbin manhajoji masu ƙirƙiro hoto da bidiyo da kansu, waɗanda suka fara cinye ƙananan ayyuka masu sauƙi. Wanda iyakar saninsa danna maɓalli ne, su za su ture shi. Wanda ya san labari, ya san inda za a yi dariya da inda za a yi shiru, shi zai mai da su kayan aiki.

Saboda haka, ku matasa, kada a saki gona ko shago tun sana'ar ba ta kama ƙasa ba. Shi kansa Malam Mustafa da masaukin baƙinsa ya haɗa. A yi noma da damina, a ba karatu rani, a kuma haɗa kai, mutum uku ko huɗu su yi tarayya a kwamfuta ɗaya, wannan ya rubuta, wancan ya zana, 'yar'uwarsu ta ba da murya, gama 'yan mata ma suna da rabo a nan, tun da aiki ne da ake yi a cikin gida. Ku kuma iyaye, yaron da kuka ga yana cika bayan littafinsa da zane, kafin ku tsawata masa ku karɓi littafin ku duba, ku ce ya zana muku Gizo yana gudu a shafi 12. Abin da ya kawo muku shi zai nuna ko a ci gaba ko a dakata.