Wa Ke Auna Makarantun Gwamnati a Amurka?

A ranar 10 ga Disamba 2015 Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar ilimi da ake kira ESSA a taƙaice, wadda ta maye gurbin dokar No Child Left Behind ta zamanin George W. Bush. Sanatoci 85 suka goyi bayanta, 12 kacal suka ƙi. A ƙasar da manyan jam'iyyu biyu ba sa ga maciji da juna, bakinsu bai zo ɗaya haka kawai ba, tsohuwar dokar ce ta ishi kowa.

Ita tsohuwar, wadda Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002, da kyakkyawar niyya ta zo. Ta wajabta wa kowane yaro daga aji 3 zuwa aji 8 jarrabawar karatu da lissafi duk shekara, sannan sau ɗaya a babbar sakandare. Ta kuma ce a riƙa fitar da sakamako rukuni-rukuni: baƙaƙen fata, 'ya'yan talakawa, masu buƙata ta musamman, da waɗanda Turanci ba harshen gidansu ba ne. Kafin nan makaranta kan fake da makin haziƙanta ta rufe gazawar sauran. Inda dokar ta yi tuntuɓe shi ne wa'adin da ta gindaya, wai zuwa 2014 kowane ɗalibi a faɗin ƙasar ya kai matakin ƙwarewa. Rukuni ɗaya ya gaza, makarantar duka ta faɗi. Ta faɗi shekara biyu a jere, iyaye na da damar sauya wa yara makaranta. Ta kai biyar, ana iya sallamar malamai ko jiha ta karɓe ta. Zuwa 2011 kusan rabin makarantun gwamnati na ƙasar suna cikin jerin waɗanda suka gaza, har da masu suna.

Da abincin mutum ya rataya a kan maki, sai ya nemi makin ta kowace hanya. Wasu makarantu suka rage lokacin tarihi da zane suka koma bitar jarrabawa. A birnin Atlanta abin ya wuce nan. Binciken jihar Jojiya na 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a maguɗi, ciki har da goge amsoshin yara a gyara, kuma a 2015 kotu ta kama 11 da laifi.

ESSA ba ta soke jarrabawa ba, kamar yadda wasu suka zata. Jarrabawar shekara-shekara tana nan, fitar da sakamako rukuni-rukuni yana nan, haka sharaɗin kashi 95 cikin ɗari na ɗalibai su zauna. Wa'adin 2014 da jerin hukunce-hukuncen da tarayya ta tsara su aka kawar. Yanzu kowace jiha ita ke tsara ma'auninta, muddin ta haɗa da makin jarrabawa, da yawan masu kammala sakandare, da cigaban masu koyon Turanci, da aƙalla wani abu guda da ke nuna ingancin makaranta. A wannan na ƙarshe jihohi 36 da birnin Washington suka zaɓi yawan fashin makaranta, wanda galibi ke nufin yaro ya rasa kashi 10 cikin ɗari na ranakun karatu, wajen kwana 18 a shekara. Dole kuma jiha, aƙalla sau ɗaya a shekara uku, ta zaƙulo kashi 5 cikin ɗari mafi rauni na makarantun da ke karɓar tallafin tarayya don 'ya'yan talakawa, da duk sakandaren da kashi ɗaya cikin uku na ɗalibanta ko fiye ba sa kammalawa. Yadda za a gyara su kuwa, an bar wa jiha da hukumar ilimi ta yankin.

Sai ya zama kowace kasuwa da mudunta. Fulorida tun 1999 take ba makarantu haruffa daga A zuwa F. Kalifoniya ta ƙi harafi ɗaya, a 2017 ta fito da allo mai launi biyar, daga shuɗi zuwa ja, kowane fanni da nasa launin. Iyaye sun fi saurin gane harafi, ba musu. Amma a ganina harafin da ya dogara da makin jarrabawa zalla ya fi ba da labarin aljihun iyaye a kan ƙoƙarin malami. Malamar da ta karɓi yaro ɗan aji 5 yana karatun aji 2, ta kai shi na aji 4 cikin shekara guda, ta yi aikin a yaba, amma a takarda yaron bai ci ba. Shi ya sa yawancin jihohi suka shigar da ma'aunin cigaba, wato tazarar da yaro ya ci daga bara zuwa bana. Nauyin da jiha ta ba wannan ma'auni shi ke raba A ta nan da A ta can.

Komawar iko jihohi bai sassauta hukunci a ko'ina ba. Teksas ta fara ba hukumomin ilimi na yankuna haruffa a 2018, makarantu ɗaiɗai kuma a 2019. A 2023 hukumar ilimi ta jihar ta ɗaga makin da sakandare ke buƙata don samun A a fannin shirya ɗalibai wa jami'a da sana'a daga 60 zuwa 88, aka kuma yi lissafin da ɗaliban da suka riga suka kammala. Hukumomin yankuna fiye da 100 suka garzaya kotu, sakamakon shekarar bai fito ba sai a Afrilun 2025. A 2023 ɗin dai jihar ta karɓe ragamar makarantun Houston, yankin ilimi mafi girma a Teksas, ta ajiye zaɓaɓɓun wakilai a gefe ta naɗa nata. Babbar hujjarta ita ce sakandare guda ɗaya, Wheatley, da ta shafe shekaru a jere tana faɗuwa.