Ƙafa na ƙuna, zubi na jira: abin da muka koya game da ciwon jijiya

Mako uku a jere ba mu ga ɗaya daga cikin iyayenmu a wurin zubi ba. Ita ce mai tuyar masa kusa da hanyar Tillaberi, kuma tun da muka kafa asusu a nan Yantala ba ta taɓa fashi ba. Da muka je gaishe ta, sai muka tarar ta tsoma ƙafafu cikin bokiti.

"Inna, lafiya?"

"Ƴaƴana, tafin ƙafata kamar an zuba garwashi. Da dare ko zane ya taɓa ni sai in farka."

Ta ce ta sha ƙwayoyin masu talla har ta gaji. Mu kuma muka matsa mata ta je CSI. Awon jini ya nuna ciwon sukari ne, ya daɗe yana cin jijiyoyin ƙafa. Kusan rabin masu sukari suna gamuwa da wannan. Ba sukari kaɗai ba: faifan ƙashin baya kan danne jijiya, zafi ya sauko daga ƙugu har ɗan yatsa, irin wanda masu ɗaukar ruwa a garkunan bakin kogi ke kuka da shi. Masu daka, wanki da kitso kuma hannu ne ke yi musu mayemaye.

Ciwon jijiya ba ya cika jin parasetamol. Yana da nasa magani, likita ne ke rubutawa. Tramol na bakin titi kuwa kama mutum yake yi, ya cinye jari, ciwon na nan.

Daga baya aka tura Inna Babban Asibitin Yamai wurin masu gashin ƙashi, waɗanda muke ce wa kine. Ta ɗauka tausa za a yi mata ta dawo garau. Ashe aiki za a ba ta. Aka koya mata dafa bango ta ɗaga dugadugai ta sauke, ta tsaya da ƙafa ɗaya tana riƙe da kujera, ta miƙar da sha-raɓa, ta riƙa tafiya kaɗan kullum tana ƙarawa. Inda fata ba ta son taɓi, aka ce ta shafa auduga, in ta saba ta koma tawul. Makon farko ta ce wallahi ba za ta koma ba, zafi ya ƙaru. Ɗayarmu ta raka ta. Sai bayan wajen wata biyu ta fara samun barci.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne gyaran yadda ake aiki, wanda a Faransanci ake kira ergoterapi. An tambaye ta yadda take wuni, sannan aka gyara mata:

Ta bar ƴar kujerar tsuguno, ta ɗaga murhu da mazauni.
Ta naɗa tsumma a mariƙin cokalin juyi ya yi kauri, don kada ta matse yatsu.
Ta raba aiki: ta toya, ta tashi ta taka, ta dawo, tun kafin zafi ya taso.
Ta daina tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida, kuma ta zazzage takalmin kafin ta sa.
Ta gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, kuma lokacin ɗari ta nisanta ƙafa da kaskon wuta, don ƙafar da ba ta ji sosai tana ƙonewa mai ita ba ta sani ba.
Kowane dare ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da madubi.

Ba mu ce ta warke ba. Jijiyar da sukari ya daɗe yana ci da wuya ta koma yadda take. Amma Inna ta koma kan tandarta, rabin wuni, kuma ta biya zubinta na baya.

Wannan ya sa muka sake duba dokarmu. Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi tare da CARE, ƙarfin tsarin shi ne mu riƙe juna. Amma asusun taimakonmu haihuwa da rasuwa kawai ya sani. Yanzu mun amince: mai doguwar jinya za a ɗauke mata tarar makara, a taimaka mata da kuɗin taksi, a sa mai raka ta, don gashi ba zuwa ɗaya ba ne.

Ƴan'uwa, abu uku kada a jira ranar taro: gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, ƙafa da ta mutu farat ɗaya, ko ciwon baya tare da kasa riƙe fitsari. A tafi asibiti ranar. Kuma a taronku mai zuwa, kafin a buɗe akwati, ku tambaya: wa ke kwana ba barci a cikinmu?