Gidan da ke tafiya a kan Kwara: yadda iyali ke zaman jirgi da yara

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Kwanakin baya wani mai bibiyarmu ya turo min bidiyon wasu Turawa, miji da mata da 'ya'ya biyu, cikin jirgi mai tafiya da iska, za su tsallaka tekun Atlantika. Daga tsibiran Kanari zuwa Karibiyan tafiyar mako biyu ce zuwa uku, ba ka ganin ƙasa. Ya ce min, "Malam, waɗannan lafiyarsu ƙalau kuwa? Har da yara?" Na yi dariya. Ni ɗan ƙasar Zagga ne, ƙaramar hukumar Bagudo, kuma mu mutanen bakin Kwara iyali cikin jirgi ba baƙon abu ba ne. Teku dai ba mu da shi, amma muna da kogi mai tsawon kilomita sama da 4,000, daga duwatsun Gini har zuwa inda ya faɗa teku a kudancin Najeriya, kuma akwai mutanen da shi ne titinsu, shi ne gonarsu.

Su ne Sarkawa. Tun zamanin kakanni suke barin ƙasar Kabi da Yawuri su bi kogi sama, su wuce Gaya, Yamai, Tilaberi, Ayoru, wasu har Gawo ta ƙasar Mali. Wani Bafaranshe, Jean Rouch, wanda ya bi kogin nan a kwale-kwale tsakanin 1946 da 1947, ya yi rubutu a kansu a 1950, ya kira su masunta matafiya. Ni kuma ƙanwar mahaifiyata Basarke take aure, shi ya sa ina ɗan shekara goma na yi kusan wata uku tare da su. Abin da na gani zan faɗa muku.

Da farko, ba ranar da ka ga dama kake tashi ba, ruwa ne ke sa rana. Kwara a wajenmu cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa, na damina, mai laka, wajen Agusta zuwa Oktoba. Sai baƙin ruwa, wanda ke isowa cikin sanyi, Disamba zuwa Fabrairu, alhali ko ɗigon ruwan sama babu. Wannan ruwan daminar Gini ne, ya tsaya ya bazu a fadamun Mali, laka ta kwanta, sannan ya gangaro mana bayan watanni. To Kawu kan baƙin ruwan yake tafiya, lokacin da jirgi mai kaya ba zai dafe yashi ba, don ya isa tunga kafin ruwa ya ja baya kifi ya taru a gurbi.

Shi jirgin, ku ɗauke shi gida ne mai ɗaki ɗaya wanda aka miƙar. Gaba taru ne da mamari da gura, a naɗe. Buhunan gero da shinkafa can ƙasa a tsakiya, saboda nauyi in ya hau sama jirgi zai riƙa rangaji. A kan buhunan aka shimfiɗa tabarmi, aka kafa rumfa, nan ne ɗakin Inna da yara. Baya wajen injin ne da matuƙi da jarkokin mai. Ƙananan kwale-kwale biyu a ɗaure suna biye da mu, ɗaya da kejin kaji. Murhu kuwa tsohon daro ne aka cika da yashi aka dasa duwatsu uku, kuma tsakaninsa da jarkar mai akwai doka: ba mai ɗaukar wuta ya wuce rumfa, ko waye shi.

Yaro a jirgi ba ya tashi tsaye sai an ce ya tashi. Kalmar da na fi ji a wata ukun nan ita ce ta Inna: "Kai, zamna!" Amma zaman ba na banza ba ne. Jirgin katako kullum yana shan ruwa kaɗan-kaɗan, to kwarfewa aikin yara ne, da rabin jarka da aka yanke. Ni da ɗan Kawu, sa'ana, muke karɓa-karɓa. Ranar da na yi gyangyaɗi ruwa ya taɓa buhun gero, ban sha duka ba, amma kwana uku muna cin tuwo mai warin tsami kowa yana kallona. Wallahi gara dukan.

Tafiya kuwa tun asuba ake yin ta. Da rana ta take iskar hunturu ke tashi, ta haɗu da ƙarfin ruwa, igiya ta riƙa dukan jirgi. Saboda haka kafin la'asar an nemi gaɓa mai yashi an ɗaure. Nan ake sallah a natse, nan ake wanki, nan yara ke gudu su warware ƙafa, nan kowa ke zagawa bayan gari. Da dare ba a tafiya. Kututture a ƙarƙashin ruwa ba ya sallama, ga dorina. Kawu in ya hango kunnuwanta sai ya rage injin ya raɓa gefe, musamman in da ɗa, kuma ba ya taɓa shiga tsakaninta da zurfi.

Wani abin mamaki: su Turawan can damuwarsu ruwan sha, don na teku gishiri ne, sai sun yi guzuri ko sun tace da na'ura. Mu a kan ruwan daɗi muke zaune, amma shi ne ke kwantar da yara. Inna tulu biyu gare ta, ta ɗebo daga tsakiyar kogi, ta jefa alam, laka ta kwanta, na jariri kuma ta tafasa. Duk da haka gudawa ba ta ƙarewa, ga zazzaɓin sauro, ga tsargiya, wato fitsarin jini, wadda ake ɗauka a ruwan gefe mai ciyawa inda ƙananan dodon koɗi suke. A lokacin yara maza har alfahari suke da ita, wai alamar girma ce. Ciwo ne, jama'a, kuma yana da magani a asibiti.

Yanzu ga abin da ya sa na ce zan yi wannan shirin. Mutane suna zaton haɗari a tsakiyar kogi yake. A'a. A tsakiya kowa ido buɗe yake. Haɗarin yaro yana wajen sauka, lokacin da uba ke riƙe da gora, uwa na miƙa kaya, kowa na zaton wani ne ke kallon ƙaramin. Autar Inna shekararta uku, kullum da ɗankwali ɗaure a ƙugunta an ƙulla shi jikin sandar rumfa. Wata yamma, mun wuce gadar Gaya da Malanbil da kwana biyu, aka kwance ta don a sauke ta. Daƙiƙa nawa ne? Ba mu ji ƙara ba, ba mu ji kuka ba. Yaro in zai nutse shiru yake yi, ba kamar a fim ba. Yayanta ne ya ga tafin ƙafa tsakanin jirgi da kwale-kwale, ya faɗa ya cafko ta. Ta yi amai, ta yi kuka, ta rayu. Daren nan Kawu bai ci abinci ba. Daga ranar aka sauya tsari: ita ake fara saukewa, a damƙa ta a hannun mutum ɗaya a kira sunansa, sannan a taɓa kaya.

Rigar ceto kuwa ko ɗaya ba mu da ita, kuma har yau jirage da yawa haka suke tafiya. Wanda ya tuna jirgin da ya nutse kusa da Warra, ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021, da mutane fiye da ɗari a ciki, ya san ba maganar wasa nake ba. Iya iyo ba ya ceton uwa mai goyo.

Mun yada zango wajen Bumba, inda kogin ya zama iyaka: hagu Benin, dama Nijar. Nan aka kafa bukkoki da wajen banda, Inna na kyafe tarwaɗa da karfasa, ana ciniki da sefa, yara na wasa da Hausa da Dandanci da Zabarmanci a haɗe. Allo yana cikin kaya, Kawu na biya mana da dare. Boko ce babu. Tun 1989 Najeriya ta kafa hukumar ilimin makiyaya, aka kuma sa 'ya'yan masunta matafiya cikin aikinta, amma makarantarta ba ta bin yaro zuwa tungar wata ƙasa. Ni na dawo na ci gaba da aji huɗu. Sa'an nan nawa bai koma ba. Yau shi ke riƙe da injin, kuma saboda rashin tsaro ba ya wuce Gaya sosai. Bana 'ya'yansa biyu manya ya bar su gidanmu saboda makaranta, ya tafi da ƙaramin, da rigar ceto guda ɗaya da ya sayo a Yawuri, wadda ta yi wa yaron yawa har sai an ɗaure da igiya.

Mako mai zuwa za mu shiga maganar banda da yadda kifin tunga ke isa kasuwa.