Mai Ciki Mai Shiru-shiru: Yadda Za a Gane Ta, a Ja Ta a Jiki

A kowace ranar awo ba a rasa macen da za ta zauna can gefe, ta ja mayafi. In an tambaye ta jiki, ta ce "da sauƙi", shi ke nan. Wasu su ce girman kai ne, wasu su ce miskilanci. Galibi kuwa halitta ce.

Tun a 1921 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya bayyana cewa wasu mutane cikin taro suke walwala, wasu kuwa taro gajiyar da su yake yi, sai sun kaɗaita suke hutawa. Wannan hali ba ciwo ba ne. Sai dai a ƙasar Hausa yakan haɗu da kunyar cikin fari, har yarinya ta kasa gaya wa uwar miji, ko ma uwarta, abin da ke damun ta. Nan haɗarin yake, domin ciwon da ba a faɗa ba, ba a yi masa magani.

Yadda za a gane ta

Tana da ƙawa ɗaya ko biyu da take sakin jiki da su. Takan yi tunani kafin ta amsa. In an dawo daga biki ko suna, ɗaki take nema. Amma tana cin abinci, tana barci, tana aikinta, tana dariya da wanda ta saba.

Yadda za a ja ta a jiki

1. Kada a tambaye ta a gaban kishiya, surukai ko 'yan barka. A keɓe da ita.
2. A bar tambayar "ya jiki?" kaɗai. A ce: "Ƙanwata, yau yaron ya motsa? Kin ga jini? Kai na ciwo? Ido na yin duhu? Fuska ko hannu sun kumbura?"
3. A ba ta lokaci. Kada wani ya amsa a madadinta.
4. A nemo wadda ta yarda da ita, yaya ko gwaggo ko ungozoma, ta riƙa raka ta awo.
5. Maigida, kada ka jira sai ta roƙa. Ka tanadi kuɗin mota tun kafin naƙuda. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8.

Lokacin da shiru ya zama ciwo

Labarin zuciya a tambayi fuska. In mace mai fara'a ta canja, ta daina ci, ta daina barci, tana kuka ba dalili, ko mai jego ta ƙi kula jaririnta har fiye da mako 2, wannan ba hali ba ne. Ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Hukumar ta ƙiyasta cewa a duniya kusan mai ciki 1 cikin 10 na fama da irin wannan larura. In ta ambaci kashe kanta, a kawo ta asibiti a ranar.

Haka ma yara. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Tungar Daji, Dareta da 'Yargalma. Yaro mai shiru na halitta yana wasa, yana ci. Wanda ya yi laushi farat ɗaya, ga yawan barci, amai ko jijjiga, a gaggauta kai shi asibiti. Dalma tana ratsawa daga jinin uwa zuwa ɗan da ke ciki, don haka mai cikin da ake aikin dutse a gidansu ta faɗa wa ma'aikaciyar awo.

Ke kuma 'yar'uwa, ba sai kin zama mai surutu ba. Ki ce kina son ganin nas ke kaɗai, ko ki gaya wa wadda ta rako ki ta faɗa. Sirrinki amana ne a wurinmu.

Allah ya sauke ku lafiya.