Ruwan Zafi Da Bututun Roba: Ina Warin Ya Ke Fitowa?

Jama'ar zango, a zamanin kakanninmu a tsakar gida a kan yi wanke-wanke, a watsa ruwan a kwata, shi ke nan. Yanzu kuwa gidajenmu da yawa, daga Nima har zangon Kumasi, an sa kwamin wanke-wanke cikin madafa, bututun roba ke fid da ruwansa waje. Sai ga kuka ya yi yawa, wai madafa na wari, har mai gida da ɗan haya su kan yi cacar baki a kan wanda zai biya kuɗin gyara.

To, ga asalin abin. Galibin bututun nan da robar da a ke kira PVC a ke yinsa. Zafin da aka ƙayyade masa bai wuce digiri 60 na ma'aunin Selsiyos ba, ruwa kuwa sai ya kai 100 ya ke tafasa. In uwar gida ta tsane taliya, ko ta juye ruwan da aka fige kaji, tukunya guda a lokaci ɗaya, robar ta kan yi laushi. Yau da gobe sai bututun ya lanƙwashe, mahaɗinsa ya saki, ruwa ya riƙa ɗiga a ɓoye yana jiƙa katako da bango. Wurin da ya lotsa kuma nan ƙazanta ke kwanciya ta ruɓe.

Na biyu, ku leƙa ƙarƙashin kwamin, za ku ga wata gwiwa. Ba ado ba ce. Kullum tana riƙe da ruwa kamar inci 2, shi ne ke toshe iskar kwata kada ta hauro cikin ɗaki. In gwiwar ta karkace, ko ruwanta ya bushe domin an yi tafiya an bar gida, musamman da hunturu, sai a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Na uku, maiƙo. Manja da man kaɗanya da kitsen layya su kan shiga a narke, su daskare a gaba inda bututu ya yi sanyi. Waɗansunmu su kan bi shi da tafasasshen ruwa ko soda mai ƙuna. Lalle wannan gyaran gangar auzinawa ne, gama soda in ta haɗu da ruwa zafi ta ke haifarwa, ga ta da ƙona hannu da ido.

Abin da ya kamata mu yi ba wuya. A bar ruwa ya huce tukuna, ko a buɗe famfon sanyi sa'ad da a ke zubawa. A goge maiƙo da takarda kafin a wanke tukunya. A sa rariya a bakin ramin. Sa'an nan lokaci lokaci a ajiye bokiti a ƙasa, a kwance gwiwar da hannu, a wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗumi. Bututun da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa, sai a kira mai gyaran famfo ya sake shi.

Masu sayar da shinkafa da wake da masu tuwo, ku ne abin ya fi shafa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu zama lafiya da maƙwabta, amin.